Daga Masallacin Yama Zuwa Ɗakin Karatun Dandaji: Mariam Issoufou da Gadon Maginan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan aka tashi ba da tarihin ilimi a ƙasar Hausa, malamai ake lissafawa, da littattafan da suka wallafa, da almajiran da suka yaye. Da wuya a ji an ambaci wanda ya kwaɓa ƙasa ya tayar da zauren da malamin ya zauna a ciki. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama a aji mai rufin kwano da tsakar rana a watan Afrilu, a Jega ko Aliero ko Maiyama, ya san ɗaki yana iya taimaka wa karatu, yana kuma iya hana shi. Saboda haka tarihin ilimi bai cika ba sai an haɗa da tarihin ɗakunan da aka yi karatun a cikinsu da mutanen da suka tsara su.

Wannan maƙala za ta bi tarihin aikin wata mai zayyanar gine-gine 'yar Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou, wadda a farkon aikinta aka fi sani da Mariam Kamara. Za a fi mai da hankali a kan ginin da ya fito da sunanta a duniya, wato cibiyar Hikma da aka kammala a 2018 a Dandaji. Dandaji ƙauyen Hausawa ne a ƙasar Adar, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Sakkwato ba. Wurin ba baƙo ba ne ga mutanen Kabi. Matafiyin da ya tashi daga Jega ya bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ya ƙetare iyaka a Birnin Ƙonni, ya kama hanyar Adar ke nan. Ita kanta Adar ta taɓa zama ƙarƙashin Kabi kafin Agabba na Agadas ya karɓe ta a ƙarni na 17. Ƙasarsu irin tamu ce, ranarsu irin tamu ce, haka ma matsalar ajinsu.

Abin da tarihin aikin Mariam ya nuna shi ne, ilimin zayyana na jami'a ya fi amfanar jama'armu a lokacin da ya koma ya nemi hannun magini na gargajiya, ya ɗauki ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa a matsayin kayan aiki mai daraja. Kafin a fahimci haka, dole a waiwayi inda aka fito.

Inda aka yi karatu kafin zuwan aji

Kafin zuwan Turawa, ba a ware wa karatu wani gini na daban a mafi yawan garuruwan Hausa ba. Makarantar allo tana zauren malam, ko ƙofar gidansa, ko gindin wata bishiya. Tsangaya tana bayan gari, bukkokin kara ne kewaye da wurin hura wuta. Karatun ilimi na manya kuwa yana zaure da masallaci. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta ta da ƙarni na 15, saura ce ta masallacin da ya kasance mazaunin malamai da ɗalibai. A yankinmu, Gwandu ta zama cibiyar ilimi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba tare da an gina wani abu mai suna kwaleji ba. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u a cikin gidaje ya gudana, jajis suna kai karatu daga ƙauye zuwa ƙauye.

Zauren nan da ake rainawa yana da hikimarsa. Bangonsa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, lokacin da iska ta yi sanyi. Rufin soro yana da tsawo, iska mai zafi tana hawa sama ta bar mazauna. Ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna kai tsaye, ga sirrin gida, ga kuma iska tana ratsawa. Muryar malami tana zama a cikin ɗakin ƙasa ba tare da amsa-kuwwa ba. Wannan duk ba sa'a ba ce, sani ne da magina suka tara tsawon ƙarnuka.

Magina da sana'arsu

Gini sana'a ce ta gado mai sarauta, domin manyan garuruwa suna da Sarkin Magina. Kayan aikinta duk na gida ne. Akwai tubali, dunƙulen ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai da ake shanyawa a rana. Akwai azara, tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Akwai makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi daga marina wanda ake haɗa laso da shi, duk don hana ruwa ratsa bango da rufi. Azara ɗaya ba ta cika ɗaukar nauyin rufi a tazarar da ta wuce mita biyu ba. Wannan iyaka ce ta sa maginan Hausa suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara daki-daki tana turo juna daga bango har ta haɗu a tsakiya, a lulluɓe ta da ƙasa, a samu ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiyarsa.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai ɗauke da sunan Babban Gwani. Masana gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun auna bakunan gizon masallacin sun rubuta a kansu, har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos bisa awon da Zbigniew Dmochowski, wani masani ɗan ƙasar Folan, ya yi. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon masallacin da sabon gini na kankare.

Wannan gado bai ƙare a ƙarni na 19 ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, a 1962, dattawan gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani manomi kuma magini na garin, Falke Barmu. Aikin gayya aka yi: wasu suna buga tubali, wasu suna kawo ruwa, wasu suna kawo itace. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, Alhaji Falke ya sake shi da bakuna da ƙubba a tsakiya, yana lanƙwasa daman sanduna yana lulluɓe su da ƙasa. Tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi huɗu, kowace da irin siffarta. A 1986 masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda tana cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a duniya. Mutumin da bai zauna a ajin zayyana ba ya tsaya sahu ɗaya da masu digiri. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Dandaji, wanda labarinmu zai koma kansa.

Zuwan siminti da kwano

Makarantun boko na farko a Arewa ba su raba gari da ƙasa nan take ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, gidan da ya zauna kuma na ƙasa ne, yana nan har yau. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, da ƙasa aka gina ta. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, tsohon gininta kuwa ya zama gidan tarihi.

Sannu a hankali al'amura suka sauya. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ta fito da zane guda na aji, mai bangon bulo da rufin kwano da tagogi a jere, ana maimaita shi daga wannan lardi zuwa wancan. Yana da saurin ginawa, yana da sauƙin ƙiyasta kuɗi, ɗan kwangila kuma ya san abin da zai kawo. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967. Da kuɗin man fetur suka shigo, Nijeriya ta yi odar siminti har jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas a 1975. Shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na bai ɗaya, wanda ya buƙaci dubban azuzuwa cikin gaggawa. A 1999, a Sakkwato, aka ƙaddamar da magajinsa, shirin ilimin bai ɗaya na matakin farko. Duka biyun da zanen nan guda suka yi aiki.

Adalci ne a faɗi alherin wannan aji. Ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba, bai kuma buƙatar yaɓe kowace shekara. Ginin ƙasa yana da rauninsa na gaskiya: ruwan sama yana zaizaye shi, indararo ɗaya ya toshe sai rufi ya jiƙe ya rufta, giginya kuma ta yi ƙaranci har azara ta yi tsada. Amma ajin kwano ya zo da nasa cutar. A yankin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, kwano yana ɗaukar zafi ya zubo shi kan yara, siririn bulo kuma ba ya tare komai. Idan ruwa ya sauko, ƙarar kwano tana danne muryar malami. Idan iskar farkon damina ta taso, sau da yawa da rufin take tafiya. Babbar asarar kuwa a zukata ta faru. Mutane suka ɗauka ƙasa alamar talauci ce, siminti alamar ci gaba. Ɗan magini ya daina bin ubansa wurin aiki, sanin bakan gizo ya fara bin tsofaffi kabari.

Hanyar da Mariam ta biyo

An haifi Mariam Issoufou a 1979 a birnin Saint-Étienne na Faransa, ta tashi a Nijar. Wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewacin ƙasar ta yi shi, kusa da Agadas, birnin da masallacinsa da hasumiyarsa da gidajensa duk na ƙasa ne. Ba ta fara da zayyana ba. Ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi digirin farko a Jami'ar Purdue, na biyu a Jami'ar New York, ta kuma yi shekaru tana aikin haɗa manhajar kwamfuta. Sai da ta haura shekara talatin ta ajiye wannan sana'a mai tsoka ta koma aji a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle, inda ta kammala digiri na biyu a fannin zayyanar gine-gine a 2013.

Kundin binciken da ta rubuta a can ya nuna inda hankalinta yake. Ta duba yadda samari a Yamai suke da fada a bakin titi inda suke zama su sha shayi su yi hira, 'yan mata kuwa ba su da irin wannan wuri, sai dai su fake da aike ko ziyara su yi hirarsu suna tafiya. Ta tambayi yadda za a tsara gari ya ba su wurin zama da karatu ba tare da sun jawo wa kansu zargi ba. Tun daga nan ta ɗauki gini a matsayin amsar tambayar wane ne yake da damar shiga wuri, wane ne kuma aka bari a waje.

Tare da abokan aiki uku, Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter, ta kafa wata ƙungiyar zayyana, suka gina rukunin gidaje shida mai suna Niamey 2000 a Yamai, wanda aka kammala a 2016. Da tubalin ƙasa suka yi shi, domin su nuna wa masu matsakaicin ƙarfi na birni cewa gidan ƙasa yana iya zama na zamani, mai bene, mai sanyi. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna da kalmar Hausa, masomi. Zaɓin sunan ya dace da aikin, domin masomin abu shi ne inda ya faro.

Tubalin da take amfani da shi ya sha bamban da na kakanni. Ana tankaɗe jar ƙasa mai birji, a zuba mata ɗan siminti kaɗan da ruwa, a matse ta da inji ta fito da kusurwa huɗu daidai, a bar ta ta bushe ba tare da an gasa ta da itace ba. Yana riƙe sanyin ginin ƙasa, ya fi tubalin hannu jure ruwa, ana kuma iya jera shi a yi baka da ƙubba ba tare da azara ba. A ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, inda ƙarfe da kayan gini na waje suke isowa da tsada, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Dandaji

Dandaji gari ne mai mutane kimanin 3,000, mafi yawansu yara da matasa. Yana da makarantar sakandare ta ƙasa wadda yaran ƙauyukan kewaye suke zuwa. Masallacin da Alhaji Falke ya gina ya tsufa, ruwa ya ci jikinsa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Shawarar da aka fara yankewa ita ce wadda aka saba yankewa a garuruwanmu: a rushe shi a tayar da na kankare a gurbinsa. Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, suka kawo wata shawarar. A gina sabon masallaci babba a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu na gari. Jama'a suka amince.

Sunan da aka ba wurin, Hikma, yana tuna Baitul Hikma na Bagadaza, inda a ƙarni na 9, zamanin halifofin Abbasiyawa, malamai suka tattara littattafai suka fassara ilimin lissafi da likitanci da taurari zuwa Larabci. Manufar a fili take. A yankin da aka daɗe ana sa wa yaro zaɓi tsakanin allo da boko, kamar ɗaya kishiyar ɗaya ce, an ajiye masallaci da ɗakin karatu a haraba guda suna fuskantar juna. Wanda ya fito salla zai ga ƙofar littattafai, wanda ya gaji da karatu zai ji kiran salla. Wannan komawa ce ga tsohon tsarin Gobarau da Gwandu, inda wurin ibada da wurin neman sani ba su rabu ba.

Wajen gyaran tsohon ginin, masu zayyanar ba su kawo ma'aikata daga birni su kaɗai ba. Sun nemo maginan da suka yi aikin ginin tun asali suka sa su cikin tawagar. Maginan suka kawo saninsu na ƙasar wurin da yadda aka ɗaura bakunan, su kuma suka koyi sababbin hanyoyin ƙarfafa ƙasa da kare bango daga zaizaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin ginin an bar ginshiƙai da bakunan Alhaji Falke yadda suke, aka sa kantocin littattafai da wuraren zaman karatu a tsakaninsu, aka ɗaga wani ɗan bene da matakala. Da yake itace ya yi ƙaranci a Adar, da ƙarfe aka yi waɗannan, maƙeran zamani suka samu aiki. An kuma ƙara azuzuwa domin yaƙi da jahilci da tarurrukan koyon sana'a na manya.

Sabon masallacin yana ɗaukar mutum 1,000. An gina shi da matsattsen tubalin jar ƙasa da aka haƙo kusa da garin, kankare kuwa an taƙaita shi ga ginshiƙai da kan ƙofofi. Rufinsa ƙananan ƙubbobi ne na tubali, waɗanda suka ɗauko salon maginan yankin. Kaurin bango da tsawon rufi da kafofin iska su ne suke sanyaya shi, ba na'ura ba. A harabar an dasa itatuwa, an haƙa ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa tana tara ruwan damina, ana shayar da shukokin da shi ɗigo-ɗigo a lokacin rani.

Tambayar nan ta kundin bincikenta ta sake fitowa a nan. A ƙauyuka da yawa mata ba su saba zuwa masallaci ba, ba su kuma da wani wurin taruwa na jama'a in ban da bakin rijiya da gidan biki. Da aka sa ɗakin karatu da azuzuwan manya a harabar, sai mace ta samu dalilin shiga wurin da ba wanda zai tuhume ta a kansa. Yaron da gidansu ba fitila ba tebur shi ma ya samu inda zai yi bitar darasinsa. Tun kafin a gama ginin, zanensa ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ya kuma ci ta azurfa a matakin duniya a 2018.

Bayan Dandaji

A wannan garin dai Mariam ta tsara kasuwa, inda ta kewaye tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar mako a gindinta da rumfunan tubalin ƙasa, ta yi musu inuwa da faifan ƙarfe masu launi, domin kasuwar ta riƙa ci kullum. A 2018 aka zaɓe ta cikin shirin Rolex na haɗa gwani da mai tasowa, ta yi aiki tare da David Adjaye, ɗan asalin Ghana, a kan zanen cibiyar al'adu ta Yamai mai ɗauke da ɗakin karatu da zauren wasanni. A 2019 ta karɓi kyautar Yarima Claus ta ƙasar Holan. Aka ba ta aikin zayyana cibiyar Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya ta Laberiya, da gidan tarihi na Bët-bi a Senegal. A 2022 ta zama farfesa a babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta Zurich a Siwizalan, tana koyar da gadon gine-gine da ɗorewarsu.

Ba ita kaɗai ce a wannan tafarki ba. Tun a shekarun 1940 Hassan Fathy na Misira ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin laka, da masallacinsa da makarantunsa. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu, Gando, a 2001, da matsattsen tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin na tubali domin iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafi. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Darasin Gando yana da muhimmanci gare mu, domin ya nuna ko kwanon ma ba sai an jefar da shi ba, sanin inda za a ɗora shi ake bukata.

Sai dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ginin Dandaji bai daɗe ba, damina da yawa suna gabansa. Ƙauyen Hassan Fathy ya sha yabo a littattafai, amma da yawa daga mutanen da aka gina dominsu sun ƙi komawa cikinsa, wani sashe nasa kuma ya lalace. Matsattsen tubali yana buƙatar inji da gwajin ƙasa da ma'aikaci mai horo, idan aka yi ha'inci a haɗin sai ya fi bulo saurin lalacewa. Ɗakin karatu kuma ba ya rayuwa da kyan bango, sai da littattafai da ma'aikaci da mai biyan albashinsa. Ginin da ya ci kyauta guda ɗaya ne, azuzuwan da yankin Sahel yake buƙata kuwa dubbai ne. Gwajin gaskiya na wannan tafarki shi ne ranar da ƙaramar hukuma za ta iya gina aji shida da shi, da kuɗin da take da su, ba tare da wata gidauniya ta waje ba.

Kammalawa

Jega gari ne da Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya zama babbar kasuwa a ƙasar Gwandu. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006. Maiyama da ƙauyukanta suna da yara masu yawa da suke jiran aji. Ƙasar Kabi kuma ba baƙuwar gini ba ce, ganuwar Surame ta zamanin Kanta shaida ce. Abubuwan da aka haɗa aka yi Hikma duk akwai su a nan: jar ƙasa, da tsofaffin magina, da matasa masu karatun injiniya, da tsofaffin masallatai da zaurukan da ake shirin rushewa.

Tarihin da aka bi a wannan maƙala yana nuna abubuwa uku da za a iya yi. Na farko, kafin a rushe tsohon masallaci ko zauren malami, a kira masani da magini su duba ko zai gyaru ya zama ɗakin karatu. Na biyu, a rubuta sanin tsofaffin magina, a auna gine-ginensu, a haɗa su da ɗaliban jami'a tun suna da rai, kamar yadda Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi bincike a kan maginan Hausa a kundin digirinsa na uku a 1981. Na uku, hukumomin ilimi su gwada gina ko da makaranta ɗaya da matsattsen tubali da rufi mai shan iska, a auna zafin ajinta da na ajin kwano a watan Afrilu, a kwatanta kuɗin gini da na gyara na shekara biyar, sannan a yanke hukunci bisa abin da aka gani.

Da tsohuwar zuma ake magani. Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Dandaji domin salla, bai san wata rana yara za su zauna a ƙarƙashin bakunansa suna karanta lissafi ba. Ginin ya kai ga haka ne saboda an samu wadda ta yi karatu mai zurfi a ƙasashen waje, ta dawo ta ga darajar aikinsa, ta kuma nemo maginan da suka yi aiki da shi ta tambaye su yadda aka yi. A garuruwanmu ma akwai sauran irin waɗannan magina, amma shekarunsu sun ja, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke da magaji.